Kundin Digiri da Matsalar Tsaro: Binciken da Katsina Ke Jira Daga Ɗalibanta

Cikin shekara goma da suka wuce, babu irin maganin da ba a gwada wa matsalar tsaro a Jihar Katsina ba. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da ɓarayin daji a zangonta na farko, ta sake yin wani a watan Satumba na 2019, kafin gwamnan ya fito a 2020 ya ce an ci amanarsa, ba zai ƙara zama da su ba. A ƙarshen Agustan 2021 aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da fetur a jarka. Da Satumba ta kama aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, sai a Disamba aka fara maido da su. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, da matasa kusan 1,500 a rukunin farko. A 2025 kuma mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da wasunsu suka zauna da 'yan bindiga suka ƙulla nasu sulhun.

Kowane ɗaya cikin matakan nan ya taɓa rayuwar dubban bayin Allah. Amma in ka tambaya wanne ya rage kisa, wanne ya ƙara wa talaka wahala kawai, wanne ya kori ɓarayi daga wannan gari ya tura su wancan, amsar da za ka samu ta danganta da wanda ka tambaya. Jami'in gwamnati zai ce an samu sauƙi, ɗan adawa ya ce abin ya ƙara lalacewa. Manomin Batsari zai ba ka labarin ƙauyensu, kuma gaskiya zai faɗa maka, sai dai gaskiyar ƙauye ɗaya ce.

Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su tattara labarin ƙauyuka da yawa, su auna, su ce ga abin da ya faru. Su ne ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke rubuta kundi a kan laifi da shari'a da bin doka. Kowace shekara ana kare irin waɗannan kundaye a Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Zariya da Sakkwato. Abin dubawa shi ne me suke bincikowa, me ke hana su binciko abin da ya fi haka, kuma wa ke karanta abin da suka rubuta.

Ilimin da ke neman dalilin laifi

Nazarin laifuka, wanda ake kira kiriminoloji a jami'a, ya tsaya ne a kan tambayoyi uku. Me ke sa mutum aikata laifi, kuma me ya sa laifin ke yawa a wani wuri ko wani lokaci? Yaya 'yan sanda da kotu da gidan yari ke yi da wanda ake tuhuma da wanda aka zalunta? Sannan yaya hukumomin sa ido, irin su kwastan da NDLEA da NAFDAC da Hisba, ke sa mutane bin ƙa'ida, kuma yaushe ƙa'idar da kanta ke haifar da sabon laifi?

Fannin ba baƙo ba ne a Arewa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya marigayi Femi Odekunle, wanda ya rasu a Disamban 2020, ya koyar shekaru da yawa, kuma shi ake kira farfesan kiriminoloji na farko a Najeriya. Janar Abdulrahman Bello Dambazau ya yi digirinsa na uku a wannan fanni a Jami'ar Keele ta Ingila a 1989, kafin ya zama babban hafsan sojan ƙasa, daga baya ministan harkokin cikin gida. Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos ya shafe shekaru yana nazarin aikin 'yan sanda.

Ɗan Katsina da ke son shiga fagen yau yana da ƙofofi da dama. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, ga Al-Qalam da ta fara a 2005, dukansu a kan hanyar Dutsin-Ma. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiya a Katsina, kuma tana ba da digiri a kiriminoloji da nazarin tsaro. Jami'ar Bayero ta Kano tana da digiri na biyu a kan daƙile laifuka, wanda jami'an tsaro da yawa ke yi. Galibin kundayen da suka shafi laifi a Katsina ba daga sashe ɗaya suke fitowa ba: akwai na nazarin zamantakewa, da na shari'a, da kimiyyar siyasa, da labarin ƙasa, da tarihi, da nazarin addinin Musulunci.

Garin da ya daɗe yana tunanin adalci

Duk wanda zai yi bincike kan shari'a a Katsina ya tarar da gado mai yawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafinsa Usulus Siyasa ne saboda Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, a kan yadda ake riƙon jama'a. A zamanin En'e, Katsina tana da 'yan dokarta da kotunan alƙalanta da gidan yarinta. Sarki Muhammadu Dikko ya ɗora ɗansa Usman Nagogo a kan shugabancin 'yan doka a 1929, abin da ke nuna matsayin da masarauta ta ba aikin. Sai a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Bayan haka ƙasar Katsina ta ba Najeriya sufeto janar biyu na 'yan sanda, M. D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979 da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999, da alƙalin alƙalai Muhammad Bello daga 1987 zuwa 1995, da shugabannin kotun ɗaukaka ƙara biyu, Mamman Nasir da Umaru Abdullahi.

Katsina ta kuma ga abin da kundi ɗaya zai iya yi. Yusufu Bala Usman ya kare digirinsa na uku a Zariya a 1974 a kan sauyin mulki a ƙasar Katsina, aikin ya fito littafi a 1981. Bai tsaya ga rahotannin Turawa ba. Ya karanta rubuce-rubucen Larabci, ya bi tsofaffi gari gari har Maraɗi yana tambaya yana kwatanta zancen wannan da na wancan. Shekara hamsin ke nan, kuma har yau ba a rubuta tarihin Katsina ba tare da an koma gare shi ba.

A fagen tsaro ma akwai misali na kusa. A watan Satumba na 2021 Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar da sakamakon shekara goma da ya yi yana bincike a Zamfara, har da ganawa da 'yan bindigar da kansu. Ya bayyana yadda dabobinsu suka faro tun wajen 2011, da yadda suke rarrabuwa, da inda suke samun makami. An yi ta muhawara a kan wasu alƙalumansa, kuma haka ake so, domin ya kawo abin da za a iya dubawa a yarda ko a musa.

Yadda yawancin kundayen ke fitowa

Tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ɗalibi zai gama darussan aji, a ba shi malamin da zai duba aikinsa, ya kawo take a amince, ya kare shawarar bincikensa a gaban malaman sashe, ya fita tattara bayanai, ya dawo ya kare a cikin gida, daga ƙarshe mai jarrabawa daga wata jami'a ya zo. Babi biyar ne. A babi na biyu za ka tarar da ra'in Robert Merton na 1938, mai cewa laifi na tasowa idan al'umma ta kwaɗaita wa mutum arziki ta kuma toshe masa hanyar halal, ko na Cohen da Felson na 1979, mai cewa laifi na faruwa idan mai niyya ya haɗu da abin ɗauka babu mai gadi. A babi na uku za a ɗauko ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, a sa ta cikin lissafin Taro Yamane, ya ba da mutum 400 da za a yi wa tambayoyi. Sai a raba takardun tambayoyi, a zuba amsoshin a manhajar SPSS, a fito da jadawali.

Wannan hanya ba laifi ba ce a kanta. Matsalar tana ga tambayar da ake yi da kuma wanda ake yi wa. Idan taken kundi ya ce zai gano musabbabin ta'addancin 'yan bindiga a Jihar Katsina, amma aka raba takardun ga ma'aikata da 'yan kasuwa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya ana tambayarsu ko sun yarda talauci ne ke kawo shi, abin da aka auna ra'ayin mutanen birni ne, ba musabbabin ba. Kuma shawarwarin da ke biyo baya sanannu ne tun kafin a fita: gwamnati ta samar da aikin yi, a ƙara jami'an tsaro, iyaye su kula da tarbiyya. Duk gaskiya ne, amma babu kwamishinan da zai karanta su ya san abin da zai canza ranar Litinin.

Bai kamata a ɗora wa ɗalibi laifin duka ba. Mafi yawansu ma'aikata ne masu iyali, da albashinsu suke biyan kuɗin makaranta da na mota da na buga takarda. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai kai ga malamin sakandare ko kofur ɗin ɗan sanda da ke karatu da aljihunsa ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Malami ɗaya kan riƙe ɗalibai da yawa fiye da yadda zai iya karanta aikinsu da natsuwa. Ga hanya ba lafiya: wanda ya ga an kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, ba za a ce masa matsoraci ba don ya ƙi shiga ƙauyukan bakin dajin Rugu da jakar takardu. Idan kuma ya je ofis neman alƙaluma, sau da yawa za a ce ya kawo takarda daga sama, ko a ce maganar tsaro ce ba a bayarwa, duk da cewa dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011.

Laifin da ba ya isa caji ofis

Ko an buɗe wa ɗalibi rajistar 'yan sanda, bai ga komai duka ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a shekarar 2017 laifuka 134,663 aka kai wa 'yan sanda rahoto a Najeriya baki ɗaya. A Disamban 2024 hukumar ta fitar da wani bincike na daban, wanda ta bi gida gida tana tambayar mutane abin da ya same su tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. Ta ƙiyasta aukuwar laifi sau miliyan 51.89, Arewa maso Yamma ce a gaba da miliyan 14.4, kuma ta ce kuɗin fansar da aka biya ya kai naira tiriliyan 2.23. Cikin gidajen da aka yi wa fashi, kashi 36.3 cikin ɗari ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Shekarun ba ɗaya ba ne, hanyar ƙirgar ma ba ɗaya ba ce, kuma an yi jayayya a kan wasu alƙaluman. Duk da haka tazarar ta isa ta nuna cewa abin da ke cikin rajista ɗan kaɗan ne daga abin da ke faruwa.

Dalilan rashin kai ƙara kowa a Katsina ya san su. Wanda aka ƙwace wa waya ya san kuɗin da zai kashe wurin bin sawu zai iya fin kuɗin wayar. Iyalan wanda aka yi garkuwa da shi suna tsoron kada labari ya koma daji ta bakin infoma. Iyayen yarinyar da aka yi wa fyaɗe suna tunanin aurenta. Abin da ba a sani ba shi ne girman kowane dalili, da yadda ya bambanta tsakanin birni da ƙauye, tsakanin mace da namiji, tsakanin Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi, wanda shi ma ana sace masa shanu ana kashe masa dangi. Amurka tana yin irin wannan tambayar gida gida tun 1973, Ingila tun 1982. Ɗalibi ɗaya ba zai yi wa jiha mai ƙananan hukumomi 34 ba, amma zai iya yi wa mazaɓa biyu ko uku da kyau. In sashe ya tsara ɗalibai goma suka yi amfani da tambayoyi iri ɗaya a wurare daban daban, cikin shekara uku za a samu abin da babu ofishin da ke da shi yanzu.

Tambayoyin da ke cikin ganuwa

Ba sai an shiga daji ake binciken laifi ba. Akwai tambayoyi manya da ɗalibi zai amsa yana kwana a gidansu.

Ta farko ita ce ƙauranci. Abin da Kano ke kira daba, Gombe ke kira kalare, Bauchi ke kira sara-suka, shi Katsina ke kira ƙauranci, kuma kowace unguwa tana da labarinta na faɗan ƙauraye da ƙwacen waya, musamman lokacin siyasa da bukukuwa. Frederic Thrasher ya yi digirinsa na uku a kan irin waɗannan yara a Chicago, ya lissafa ƙungiyoyi 1,313 a littafin da ya fito a 1927, ya nuna inda suke taruwa da yadda yaro ke shiga da yadda yake fita. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka gano cewa rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda a birnin Minneapolis daga kashi 3 cikin ɗari na wuraren garin yake fitowa. Ko haka abin yake a Katsina? Littafin sashen gaggawa na Babban Asibitin Katsina da na Asibitin Koyarwa na Tarayya, in aka cire sunaye, zai nuna ranaku da sa'o'i da wuraren da ake kawo masu saran wuƙa. Da wannan za a san lungun da ke buƙatar fitila da wanda ke buƙatar sintiri, maimakon a kame yaran unguwa baki ɗaya.

Ta biyu ita ce jiran shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke masu hukunci ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade kwanakin tsarewa kafin shari'a, ta kuma ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. A takarda ke nan. Ɗalibin da ya ɗauki fayil ɗari biyu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga ranar kamu zuwa ranar hukunci, zai iya cewa ga inda kwanaki ke tafiya: ko a hannun ɗan sanda mai bincike, ko a jiran shawarar ma'aikatar shari'a, ko rashin motar kai fursuna kotu, ko shaidun da ba sa zuwa. Kowane ɗaya maganinsa daban.

Ta uku ita ce kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda nan ne yawancin talakawa ke haɗuwa da hukuma. Duniya ta san shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a Maris na 2002, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke shi a ranar 25 ga Satumban 2003, da hujjoji daga cikin fiƙihun Malikiyya, har da 'yancin janye iƙirari da mas'alar kwantaccen ciki. Philip Ostien da abokan aikinsa na Jos sun fassara bayanan shari'ar sun buga a 2007. Amma dubban shari'o'in yau da kullum, na bashi da gado da ciyarwa da ƙananan sata, suna nan a rubuce da Hausa a littattafan kotu, kuma ɗan Katsina ya fi kowane baƙo iya karanta su.

Ta huɗu ita ce sulhun unguwa. Rigima da yawa ba ta wuce zauren mai unguwa ko liman ko ofishin Hisba. John Braithwaite na Ostireliya ya yi suna a 1989 da ra'in cewa kunyatarwar da ke tsawata wa mai laifi sannan ta karɓe shi ya dawo cikin mutane ta fi rage sake aikata laifi a kan wadda ke mayar da shi saniyar ware. Mu nan muna yin abin tun kaka da kakanni, amma ba mu auna ba. Cikin waɗanda aka sasanta, nawa ne suka koma? Wa ke fita da haƙƙinsa, wa ake ba haƙuri don ba shi da gata? Wane laifi ne bai kamata ya tsaya a zaure ba ko kaɗan?

Ta biyar ta shafi ƙa'ida da sa ido. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, ba a buɗe iyakar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Ga ranaku a fili, ga kafin, ga bayan. Me ya faru da farashin shinkafa da mai? Ina matasan Magamar Jibiya da ke dako da lodi suka koma? Shingaye nawa ne tsakanin Jibiya da Katsina, kuma nawa direba ke kashewa? Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, ɗalibanta Hausa suke ji, za a iya yin aikin daga ɓangarorin biyu. Haka nan gidajen marin da 'yan sanda suka rufe a Daura da Katsina a Oktoban 2019, bayan an ga azabar da ake yi a ciki. Binciken 2018 na shan ƙwaya ya nuna kashi 12 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 a Arewa maso Yamma sun sha wani abu a shekarar da ta gabace shi. Iyayen da ke kai 'ya'yansu gidajen mari saboda shaye-shaye ba su daina samun matsalar ba. Ina suke kai su yanzu?

Amana da hatsari

A wannan fanni kuskuren mai bincike na iya jawo asarar rai. Matar da ta faɗa maka wanda ke kai wa ɓarayi burodi da mai a ƙauyensu ta sa ranta a hannunka. In ka rubuta sunan ƙauyen da shekarunta da sana'ar mijinta, ka fallasa ta ko ba ka ambaci sunanta ba. Ɗabi'ar jera sunayen waɗanda aka yi hira da su a bayan kundi ta dace da tarihi, amma a binciken laifi hatsari ce. Haka ajiye muryoyin mutane a wayar da za a iya ƙwacewa a hanya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi mai bincike kamar yadda ta shafi banki.

Fursuna kuma ba ya iya cewa a'a da sauƙi in gandiroba na tsaye a kansa, don haka yardarsa tana buƙatar kulawa ta musamman. Wanda ya tsira daga daji bai kamata a sa shi maimaita abin da ya gani ba sai da dalili, kuma sai an san inda za a tura shi in abin ya taso masa. Ɗalibin da ke sanye da kaki da rana yana bincike da yamma dole ya faɗa wa mutane ko shi wane ne, ya kuma raba aikin biyu.

Akwai kuma doka. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta tanadi hukunci ga mai ɓoye bayani a kansu. Saboda haka ɗalibin da zai yi hira da ɗan bindiga, ko wanda ya ce ya tuba, yana buƙatar izinin jami'a a rubuce, da sanin hukuma, da shawarar lauya kafin ya fara. Bai dace malami ya sa hannu a irin wannan take ya bar yaro ya san yadda zai yi ba. Kowace makarantar gaba da digiri tana buƙatar kwamitin ɗa'ar bincike mai aiki na gaske, ba na fannin lafiya kaɗai ba.

Bayan an kare kundi

Ƙarshen yawancin kundaye ɗaya ne. A yi masu bango mai kauri, a kai kwafi sashe, kwafi laburare, kwafi makarantar gaba da digiri, shi ke nan. An rubuta su da Turanci, mutanen da suka ba da labarinsu ba za su taɓa jin abin da aka gano ba. DPO ɗin da aka yi nazarin ofishinsa an riga an canza masa wurin aiki. Ɗalibin da zai zo baɗi bai san an yi aikin ba, sai ya sake shi daga farko, ko ya kwafe shi.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Jami'o'in jihar su sa kundayensu a intanet inda kowa zai samu, bayan an cire abin da zai cutar da wani. A wajabta wa kowane ɗalibi taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukumar da aka yi aikin. Ma'aikatar tsaron cikin gida da ma'aikatar shari'a da ofishin babban jojin jiha su fitar da jerin tambayoyin da suke son amsarsu kowace shekara, su ba da ɗan tallafi ga ɗaliban da suka ɗauka, su buɗe masu rajista bisa sharaɗin ɓoye sunaye. Su kuma shirya jin amsar da ba za ta yi masu daɗi ba, domin binciken da aka san sakamakonsa tun kafin a fara ba shi da amfani ga kowa. Gwamnan jihar na yanzu da kansa mai digirin digirgir ne daga Zariya, ya san abin da kundi ke ci da abin da zai iya bayarwa.

Ku kuma ɗalibai da malamai masu duba aiki, ku rage faɗin take ku ƙara zurfinsa. Unguwa ɗaya, kotu ɗaya, kasuwa ɗaya, hanya ɗaya, a bi ta har ƙarshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ku ne masu ɗakin: kuna jin harshen, kun san mutanen, wasunku sun biya kuɗin fansar ɗan'uwa da hannunsu. Jihar da ke binne mutanenta saboda matsalar tsaro tana da haƙƙi a kan duk wanda ta ilimantar, ya gaya mata gaskiyar abin da ke aiki da abin da ba ya aiki. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa ilimin da ake nema ya amfani jama'a.